Yadda garin fularin ke sauyawa idan aka matsa shi aka kuma zafafa shi

Na fara aiki a kan fularin ne a ɗakin gwajin sinadarai a nan Birnin Kebbi, inda nake koyarwa, kodayake matsa garin sai da ya kai ni wani ɗakin bincike a ƙasar waje, mai injin da matsinsa ke kai gigafaskal da dama. Fularin wani nau'in kabon ne, kuma wanda ake kira C60 ƙwaya ce ta atam 60 na kabon da suka haɗu suka yi siffar ƙwallon ƙafa, da fuskoki 12 masu kusurwa biyar da 20 masu kusurwa shida. Harold Kroto da Robert Curl da Richard Smalley ne suka gano ta a Jami'ar Rice ta Amurka a 1985, amma sai a 1990, da Krätschmer da Huffman suka fito da hanyar samar da ita da yawa, masu bincike suka samu garin da zai ishe su gwaji.

Tun kafin a je ga inji akwai aiki. Garin yana riƙe ragowar toluwin, wato ruwan sinadarin da aka tace shi da shi, yana shan iskar oksijin a ramukan da ke tsakanin ƙwayoyinsa, haske ma yana iya sa su fara manne wa juna. Saboda haka muka gasa shi a kwalaben da aka zuƙe iskar cikinsu, muka naɗe su da takardar alminiyam, muka ajiye nesa da taga, domin ranar bazara a Kebbi ba ta da sassauci.

A zafin ɗaki ƙwayoyin suna jere ne kawai, babu haɗi mai ƙarfi a tsakaninsu, kowacce tana juyi a wurinta. Matsi ne ke kusantar da su, zafi kuma ke ba su ƙarfin ƙulla zobe mai atam huɗu tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta. Da zafin ya tsaya kusa da digiri 300 a ma'aunin Salsiyos, sarƙoƙin ƙwayoyi muka samu. A wajen gigafaskal 2, wato kimanin ninki 20,000 na nauyin iskar da ke kanmu, da zafin digiri 600, sai suka shimfiɗu faifai-faifai, kowace ƙwaya tana riƙe da huɗu. Da matsin ya kai gigafaskal 6 da digiri 700, kowacce ta kama shida. Idan kuwa zafin ya haura digiri 900, ƙwayoyin rushewa suke yi, a bar mutum da baƙin kabon mai kama da girafayit, irin na cikin fensir.

Babban abin da na koya shi ne cewa sanin matsi da zafin ƙarshe bai wadatar ba, sai an san hanyar da aka bi. Samfurin da muka fara matsawa sannan muka zafafa ya fito a gauraye, domin sarƙoƙin da suka ƙullu a hanya sun hana ƙwayoyin juyawa su daidaita. Wanda muka fara zafafawa kafin a danna ya fito da tsari kusan iri ɗaya. A ganina, rahoton da bai faɗi wanne aka fara ba rabin rahoto ne.

Da na dawo, muka gwada samfuran tare da ɗalibai. Garin da ba a taɓa ba ya narke a toluwin, ruwan ya koma shunayya, amma ɗan baƙin dunƙulen da ya fito daga inji ya kwanta a gindin kwalba, ruwan na nan garau. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ke nan ya zama daimon?" Amsar ita ce a'a, muka kuma nuna mata ta hanyar zafafa dunƙulen zuwa kusan digiri 300 babu matsi, inda haɗin ya kwance, da muka sake sa shi a toluwin launin shunayya ya dawo. Samfurin da ƙwayoyinsa suka rushe bai sake ba da launin ba, duk yadda muka zafafa shi. Daimon kuwa yana bukatar matsin da ya fi wanda muka yi aiki da shi nesa ba kusa ba: a 1992 masu bincike a Girenobul ta Faransa sun same shi daga C60 a zafin ɗaki, da matsin kusan gigafaskal 20 wanda bai daidaita ta kowane ɓangare ba.