Hukuncin Ukeje da gado biyu da na riƙe a Gombe

A shekarata ta uku da fara aikin lauya a Gombe, wata mata daga kudancin jihar ta shigo ofis da takardar gona a baƙar leda. Mahaifinsu ya rasu bai bar wasiyya ba, 'ya'ya huɗu ya bari, duk mata. Ko makoki ba a gama ba baffanninsu suka shiga gonar suka yi shuka, wai a al'adarsu mace ba ta gadon ƙasa, aure za ta yi ta kai wa wani gida. Kiristoci ne, don haka rabon gado na Musulunci bai hau kansu ba.

Na san abin da zan ɗauko. A Afrilun 2014 Kotun Ƙoli ta yanke shari'ar Ukeje, inda Gladys Ukeje ta nemi rabonta cikin dukiyar mahaifinta. Mai Shari'a Rhodes-Vivour ya ce al'adar Igbo da ke hana 'ya mace gado ta saɓa wa sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya haramta nuna bambanci saboda jinsi ko yanayin haihuwa. Mahaifin Gladys a 1981 ya rasu, wato shekara 33 ke nan kafin gaskiyarta ta fito. A shekarar dai, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta tsaya wa matar da dangin miji suka so su fitar daga gida don ba ta da ɗa namiji.

Ko kotu ba mu je ba. A ƙofar gidan mai unguwa na zauna na fassara wa babban baffan hukuncin da Hausa. Ya ce, "Barista, ai wannan shari'ar mutanen kudu ce." Na ce, "Baba, kotun da ta yanke ta babu wata a samanta, kowane alƙali a Gombe da ita zai yi aiki." Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya roƙi a bar su su girbe abin da suka shuka. Aka bar su.

Nasarar nan ta sa kaina ya kumbura. Da wata baiwar Allah Musulma ta zo kan gidan gado da yayyenta maza suka danne, sai na cusa Ukeje a wasiƙar da na aika musu. Suka ɗauka raba-daidai nake nema, suka kai wasiƙar wurin malaminsu, magana ta koma cewa lauya na son sauya hukuncin Alƙur'ani. Ita kanta ta zo ranta a ɓace: "Barista, ban ce ka taɓa abin da Allah ya raba ba. Nawa kawai nake so."

Maigidana a ofis ya tambaye ni, "Kai, wace doka ce ta hau kan mamacin?" Tambayar da ya kamata in fara da ita ke nan. Haƙƙin matar nan yana aya ta 11 a Suratun Nisa'i, rabin rabon namiji, mahaifiyarsu kuma, matar mamacin, tumuni a aya ta 12. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ma gadon Musulmi a hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ya bar shi. Hana ta aka yi, kuma alƙali kaɗai ya isa ya karɓo mata.

Wata huɗu gangancina ya ci mana kafin a yi wa gidan kuɗi a raba. Babban yayan nata har yau da ƙyar yake amsa gaisuwata in mun haɗu a masallacin Juma'a.