Zaren da ba a cirewa

Yau na raka Inna asibiti a nan Gombe a duba ɗinkin tiyatarta. Tun a Keke take salati, wai cire zare take tsoro fiye da aikin. Nas ta ɗaga bandeji ta ce, "Hajiya, wannan zaren ba a cire shi, ruwan jikinki zai narkar da shi cikin wata biyu zuwa uku." Inna ta zuba mata ido: "To ina zai je, 'yar nan?"

Ashe har kusoshin ɗaurin ƙashi ana yi masu narkewa, da abin da ake dasawa ya riƙa sakin magani sannu a hankali har ya ɓace. Ni dai mutanen ƙauye na tuna, masu neman kuɗin motar dawowa cire zare.