Kuloci da Birkin Baya: Yadda Na Koyi Ɗaga Gaban Ƙaramin Babur

Duk wanda ya taɓa bin rakiyar ango ko ya fita yawon Sallah a cikin garin Sakkwato ya ga samarin da ke ɗaga gaban babur, su yi ta tafiya a kan tayar baya ita kaɗai, yara na shewa, dattawa na Allah wadai. Na daɗe ina zaton ƙarfin inji ne ke yin wannan aiki. Sai da na shafe watanni ina gwadawa da Bajaj Boxer na yayana, a wani fili mai taurin ƙasa da ke bayan gari ta wajen hanyar Wamakko, sannan na gane cewa baburan da muke hawa ba su da irin wannan ƙarfi. Boxer ɗin da yawancin 'yan kabu-kabu ke neman abinci da shi, girman injinsa kimanin cc 100 ne, giyarsa huɗu, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki takwas da 'yan kai ba a ma'aunin masu ƙira. Babban babur mai cc 600 ko 1000 yana iya ɗaga kai da murɗa totur kawai, amma ƙarami ko ka murɗe totur har ƙarshe, kuka zai yi ya ci gaba da tafiyarsa.

Saboda haka aikin duka yana komawa ga kuloci. A cikin injin akwai jerin faifai, waɗanda makanikai ke kira filet, wasu na ƙarfe zalla, wasu masu kaushi, dukkansu suna jiƙe cikin baƙin mai, sifirin kuma yana matse su wuri ɗaya. Idan ka kama hannun kuloci sai faifan su rabu, inji ya riƙa juyawa shi kaɗai ba tare da ya ja taya ba. Idan ka saki sai su sake haɗuwa. Tsakanin kamawa da saki akwai wani ɗan wuri da faifan ke fara gogar juna, inda babur ke soma motsi, kuma sanin wannan wuri da yatsa shi ne abin da ya fi ɗaukar mini lokaci. Na yi makonni biyu ba na komai sai tafiyar hawainiya a giya ta ɗaya, ina kamawa ina saki da yatsu biyu, sauran yatsun na riƙe da kan babur, har sai da hannuna ya san wurin ba tare da na yi tunani ba.

Ɗagawar kanta ba ta da tsawon bayani, ko da yake aikata ta sai an sha wuya. Kana tafiya a giya ta ɗaya da saurin da bai fi na mai tafiya a ƙasa ba sosai, ka matsa zamanka zuwa bayan kujera domin nauyi ya koma kan tayar baya, ka kama kuloci, ka ƙara wuta har injin ya tara juyi, sannan ka saki kulocin da hanzari kana jan jikinka baya. Ƙarfin da injin ya tara yana juyawa shi ne ke sauka kan tayar baya a lokaci guda, gaban ya tashi. Wanda ya saki a hankali zai ji babur ya zabura kawai, yana ƙona filet a banza, wanda kuma ya cika wuta ya fizge hannu, babur zai tsaya tsaye ya juye da shi. A ganina kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne fizgar kan babur da ƙarfin damtse, domin hannu ɗaya yakan fi ɗaya ja, sai gaban ya tashi a karkace, ya kuma sauka a karkace.

Ranar da na fara ɗagawa da kyau ita ce ranar da na faɗi. Gaban ya tashi fiye da yadda na saba, tsoro ya kama ni, na sauke ƙafafuna biyu ina neman ƙasa, babur ya fice daga ƙarƙashina ya faɗi a kan fitilar baya, ni kuma na zauna daɓas, gwiwar hannuna ta ɗaye. Da na tura shi gareji, tsohon bakaniken da ke yi wa yayana gyara ya dubi lambar da ta lanƙwashe, ya dube ni, ya tambaye ni inda ƙafata ta dama take lokacin da abin ya faru. Na ce, "Baba, a ƙasa take." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in gaba yat tashi, ƙahwa ka maido shi." Abin da yake nufi shi ne birkin baya. Da zarar ka taka shi, ko da kaɗan ne, gaban babur yana dawowa ƙasa nan take, don haka bai kamata ƙafar dama ta bar kansa ba tun kafin a kama kuloci. Daga nan na koma ina ɗaga taya kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, in taka birki da gangan, in sake, sau talatin ko arba'in a yammaci ɗaya, domin ƙafar ta saba da yin abin da ya dace a lokacin firgita. Birkin Boxer na ganga ne, wato wanda ke kamawa daga cikin tsakiyar taya, idan takalmansa da ke matse gangar sun cinye ko an bar shi da nisan taku, to ba ya kamawa a kan lokaci, kuma wannan shi ne abu na farko da nake dubawa.

Roba-roba kuwa nata tsarin daban ne, tun da ba ta da hannun kuloci. Kulocinta yana kamawa da kansa idan inji ya ɗauki juyi, amma muddin ƙafa tana danne da sandar giya, faifan a rabe suke. Masu wasa da ita sukan danne giyar, su ba da wuta, su ɗage ƙafa. Yana aiki, sai dai ban ga abin da ke kashe giyar babur da wuri kamarsa ba.

Maganar ɓarna ita ce wadda samari ba sa son ji, musamman wanda babur ɗin ba nasa ba ne, balas yake kai wa mai shi kullum. Kowace ɗagawa tana cin filet, tana miƙar da sarƙa, tana cinye haƙoran siforoket, saukowa da ƙarfi kuma tana sa shokozoba ta gaba ta fara yoyon mai, boris ɗin wuya ya yi sako-sako. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, injin da iska kaɗai ke sanyaya shi yana wahala ƙwarai idan ana ba shi wuta mai yawa alhali ba ya gudu, baƙin mai ya tsinke, kuloci ya soma sulɓi. Shi ya sa nake fita da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, in kuma huta bayan kowane minti goma. Akwai kuma batun irin man da ake zubawa: wasu mayukan mota suna ɗauke da sinadarin rage gogayya wanda ke sa faifan da ke jiƙe cikin mai su riƙa zamewa, saboda haka nake neman wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa, wato alamar man da ya dace da irin wannan kuloci.

Ba na yin wannan wasa a kan kwalta cikin gari, kuma ba na ganin uzurin mai yin sa a shataletalen Dandima ko titin Ahmadu Bello, inda mata da yara da masu Keke Napep ke cakuɗe; tayar da ke sama ba ta juya babur, birkinta kuma ba ya tsayar da komai. Tun 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya hular kwano, kuma ko a fili ba na hawa ba tare da ita da takalmi rufaffe da safar hannu ba. Goyo kuwa ban taɓa ɗauka ba a lokacin gwaji.

Filet ɗin yayana bai kai ƙarshen damina ba. Alamar da na fara gani ita ce, a giya ta huɗu idan na murɗa totur sai kukan inji ya ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, ga kuma wani ƙauri da ke tashi bayan na tsaya. Ni na biya kuɗin sabon filet da sifirin da baƙin mai daga aljihuna, tsohon bakaniken kuma ya nuna mini yadda ake barin ɗan wasa, wato sassauci, na kimanin milimita 2 zuwa 3 a gindin hannun kuloci, domin idan wayar kulocin ta yi tsauri faifan ba sa haɗuwa sosai ko an saki hannu. Yanzu kafin in tayar da babur sai na taɓa wannan wasan da yatsa, in danna sarƙa in ga sassaucinta, in taka birkin baya sau biyu.