Tabo uku ne kacal a fuskata kafin in sayi man haɗi

Na ƙirga su a madubi sau ba adadi, shi ya sa nake da tabbas: biyu a kumatun hagu, ɗaya a haɓa. Ragowar ƙurajen da suka feso min ne bayan na yaye ɗana na biyu, na bi su da farce na matse. Ko ɗaya a cikinsu bai kai ƙwayar wake ba, hoda kaɗan tana rufe su. Garin neman goge waɗannan ukun na shafe wata 14 ina jin kunyar ɗaga fuska a gaban mutane.

Bikin ƙanwata ya rage sati 6, ni ce babbar yaya, duk hoton da za a ɗauka ina ciki. Na fara da lemon tsami da kurkur, raɗaɗi kawai na sha, tabon ma ya ƙara duhu. Ina cikin ƙorafi a ofishin malamai sai wata abokiyar aikina ta miƙo min wayarta, ta nuna min hotunan wata mai haɗa mai a WhatsApp. Na yi mata magana a ranar. Ta ce, "Anti, wallahi ba bilicin ba ne, tabo kawai yake gogewa, kayan itatuwa ne zalla." Na tura mata naira 9,000, washegari ɗan aike ya kawo.

Farar roba ce mai murfi ruwan hoda. Babu suna a jikinta, babu lambar NAFDAC, babu jerin abin da aka zuba a ciki, babu ranar lalacewa. Ni da nake juya gwangwanin madara in karanta kwanan wata kafin in dama wa yara, ni da nake koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare, na buɗe wannan robar na lakato na shafa a fuska safe da dare. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Abin haushin shi ne ya yi aiki. Cikin kwana 10 tabon ya dushe, fuskar ta yi haske ta yi santsi, ƙurji ko ɗaya babu. A wajen kamu mata sai tambayata suke wane mai nake shafawa, har lambar matar na ba mutum biyu, Allah ya yafe min. Biki ya wuce, ban daina ba. Roba ta biyu, ta uku.

A wata na huɗu fatar kumatuna ta fara sheƙi kamar leda. Wasu siraran jajayen jijiyoyi suka bayyana a gefen hanci, ga gashi mai laushi yana tsirowa inda ban taɓa samun gashi ba. In na tsaya kusa da murhu sai fuskar ta ɗau zafi kamar an watsa barkono. Na je gaida Gwaggo, ta kalle ni ta ce, "Ke 'yar nan, me ya same ki? Wuyanki daban, fuskarki daban." A daren na ajiye man.

Kwana huɗu da ajiyewa fuskata ta kumbura ta yi ja, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka rufe goshi da kumatu da zagayen baki, ga ƙaiƙayi mai hana barci. Na kira matar. Ta ce dattin fata ne yake fitowa, in ci gaba da shafawa, in ƙara yawa ma. Na koma, kwana biyu komai ya lafa. Na sake dainawa, ya dawo fiye da da. Sau uku ina wannan kai-kawo, kuma duk inda ƙurji ya warke sai ya bar baƙi. Lokacin da maigidana ya ce gobe sai asibiti, tabon ya wuce ƙirgawa, ya haɗe ya zama faci biyu manya a kumatu.

Likitar fatar ba ta yi min faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta haska fuskar da fitila, ta ce, "Malama, ina robar?" Na ciro daga jaka. Ta juya ta gaba da baya tana neman rubutu, ta ajiye a kan tebur ba ta ce komai ba. Sannan ta ce daga alamun da take gani akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, in tambayi mai haɗawar abin da take zubawa. Na matsa wa matar da kira har ta turo min hoton wasu mayukan kemis guda biyu da take matsewa cikin man kaɗanya da turare. Ɗaya an rubuta clobetasol, ɗaya hydroquinone. Kayan itatuwan ke nan.

Clobetasol yana cikin sitiroyid mafi ƙarfi da ake shafawa a fata. Magani ne na cututtuka irin su kirci mai tsanani, na ɗan gajeren lokaci, kuma likitoci suna kauce wa sa shi a fuska. Yana tsuke hanyoyin jini, yana danne kumburi da launin fata, shi ya sa ake ganin haske da wuri. A hankali kuma yana sirantar da fatar, ta saba da shi, ranar da aka janye sai ta yi bore. Shi kuwa hydroquinone maganin tabo ne na gaskiya, amma likita ke ba da shi na 'yan watanni a tsaya. NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa ba, kuma in aka daɗe a kansa yana iya haifar da wani baƙi mai shuɗi-shuɗi da ke da wuyar fita. Likitar ta ce in gode wa Allah ban kai can ba. Wasu mayukan ma har da sinadarin makuri, mai lalata ƙoda. Nawa man, kashi nawa na hydroquinone aka zuba min? Ita kanta mai haɗawar da ido take aunawa.

Abin da ya fi ƙona min rai bayanin da ta yi min ne a kan tabon farko. Fatar baƙin mutum tana mayar da martani ga kowane rauni da ƙarin launi: ƙurji, cizon sauro, ƙuna, ko sosa. Irin wanda ke saman fata yakan dushe da kansa cikin wata 6 zuwa shekara in an daina tsokanarsa kuma an kare shi daga rana. Wato da na ɗauke farcena na yi haƙuri, da ukun nan sun tafi ban kashe ko kwabo ba. Lemon tsamin ma ƙara musu wuta ya yi, don ruwansa in ya haɗu da rana yana ƙona fata.

Watanni biyun farko na magani ba na son tuna su. An janye ni daga sitiroyid ɗin a hankali, aka ba ni ƙwayoyi saboda ƙurajen, aka hana ni dilka, sabulun salo, soso, komai da ke goge fata. Sabulu mai laushi da mai marar turare kawai. Fuskar ta yi ta saɓa, ga shi hunturu ya shigo. Ɗalibai ba sa iya ɓoye kallo. Na sa takunkumi na ce mura nake, mura har sati bakwai.

Sai da fatar ta huce aka fara taɓa tabon da mayukan magani: azelaic acid mai kashi 20, sannan adapalene da dare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar gero biyu, sau biyu a sati kafin a ƙara. Likitar ta tambaye ni ko ina da ciki ko ina shirin ɗauka, don adapalene da danginsa ba a amfani da su da juna biyu. Mai robar ruwan hoda ba ta taɓa tambayata komai ba sai lambar da zan turo kuɗi daga ita.

Man kare rana kuwa dariya na yi da ta ambata, na ce ai na Turawa ne. Ta ce in ɗaga hijabina in dubi goshina. Akwai layi ɓaro-ɓaro: inda hijabi ke rufewa launi ɗaya, inda rana ke duka wani launin. Taron safe a filin makaranta, adaidaita da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, duk a kan kumatun nan suke sauka. Ta ce ba tare da shi ba sauran magungunan zuba ruwa ne a kwando. Mai SPF (lambar ƙarfin kariya daga rana) 30 zuwa sama, kullum, har ranar da hazo ya rufe gari. Na farkon da na saya ya mayar da ni kamar wadda ta faɗa cikin toka, sai da na samo mai ɗan launin ƙasa, wanda ta ce ya ma fi dacewa da tabo. Sannan ga alwala: in na yi ta azahar na wanke shi tas, daidai lokacin da rana ta fi zafi. Sai da na yi wata guda ban lura da wannan ba. Yanzu yana cikin jakata tare da carbi, ina idar da salla in sake shafawa. Yana da tsada, ba zan ɓoye ba, amma bai kai abin da na kashe wajen gyara ɓarnar naira 9,000 ba.

Duk wadda ta tambaye ni yanzu, abin da nake fara cewa shi ne ta juya robar ta karanta. In babu rubutu, ko mai sayarwa ta ce sirri ne, ko aka yi mata alƙawarin sati ɗaya, ta mayar. Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, maganin kirki sai an yi wata biyu zuwa uku ake ganin alamarsa. Wadda kuma ta riga ta daɗe a kan man haɗi, kada ta yi irin tawa ta daina-koma, ta ɗauki robar ta kai wa likitan fata. Matan nan biyu da na ba lamba a wajen kamu na neme su. Ɗaya ta saurare ni. Ɗayar ta ce ita yana karɓarta.

Facin kumatuna ya tafi a wata na 14, wuyana da fuskata sun koma launi ɗaya, Gwaggo ma ta daina kallona ta gefen ido. Jajayen jijiyoyin gefen hancina suna nan, likita ta ce mai ba ya cire su. Robar tana cikin durowa da ragowar man, ya rabu gida biyu ya yi ruwa a sama. Shekaranjiya matar ta turo min saƙo, wai ta fito da sabon haɗi na kwana bakwai, akwai ragi saboda Salla.