Asabar ɗin ɗaure kayan fita bishara

Asabar, 22 ga Nuwamba, Jos.

Hunturu ya fara cizo. Ƙarfe shida da rabi aka buɗe ɗakin ajiya na bayan majami'a, domin yau ce ranar da kwamitin aikin bishara ya tsayar don auna hatsin godiyar kaka da ɗaure kayan fita ƙauye ranar Juma'a. Mu tara ne, ban da matasa huɗu masu ɗaukar buhu.

Da masara aka fara. Buhu 14 aka kawo ranar sujadar godiya, da wake buhu 3 da acca rabin buhu. Dankalin Turawa ba ya jiran kowa, shi tuni aka kai shi Farin Gada aka mayar da shi kuɗi. Hatsin nan shi ne abincin masu bishara biyar da ikilisiyarmu ke riƙe da su a ƙauyuka, daga yanzu har tsakiyar damina. Bara buhu huɗu suka zama gari kafin Ista, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: an zuba masarar da sauran danshi, a buhu mai rufi ɗaya, aka jibge a kan siminti. Bana sai da aka gwada kowane buhu. Ana samun kwalba busasshiya, a zuba masara kamar kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu na gishirin da aka shanya, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bar ta minti goma sha biyar. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, masarar ba ta bushe ba. Buhu uku suka faɗi jarrabawa, aka baza su a tamfal a filin makarantar Lahadi.

Sauran aka juye a buhunan PICS, masu leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje. Sirrinsu ɗaya ne: a matse iska, a murɗe bakin ledar farko a ɗaure, sannan ta biyu, sannan na waje, kowanne da igiyarsa daban. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska, don haka ba a bukatar zuba magani. Amma huda ɗaya ta ɓera ko ta ƙusa ta rushe aikin duka, shi ya sa aka jera su a kan katako, da tazara tsakaninsu da bango.

Babura biyu aka shigo da su daga fili. Ɗaya sarƙa da haƙoranta sun cinye, ɗayan kuma bakin mai ya koma kamar kwalta. Mai bishara da ke zagaya ƙauyuka shida a hanyar burji yana bukatar canjin bakin mai duk wata da wanke matatar iska duk mako biyu lokacin ƙura, amma idan kuɗin da ke hannunsa bai kai na abinci ba, babur ne ke fara yin azumi. An yanke cewa daga yanzu kuɗin gyara ba zai ƙara shiga cikin tallafin wata ba. Za a riƙa aika galan ɗin mai da filogi biyu da tib ɗaya kowane wata uku, kaya a hannu.

Wajen ƙarfe goma nas ɗinmu biyu suka baje akwatin magani a kan bencin mawaƙa. Nan ne aka fi daɗewa, kuma ya cancanta. Kayan gwajin zazzaɓin cizon sauro 200, an duba ranar lalacewar kowane kwali. Dokar da suka kafa ita ce ba gwaji, ba magani. A fitar da ta gabata an raba wa duk mai zafin jiki, maganin ya ƙare kafin azahar, yaran da suka zo daga nesa da yamma suka koma hannu banza. Maganin na kwana uku ne, sau biyu a rana, kuma da nauyi ake bayarwa, ba da shekaru ba: ƙwaya ɗaya ga mai kilo 5 zuwa 14, biyu ga mai 15 zuwa 24, uku ga mai 25 zuwa 34, huɗu daga 35 zuwa sama. Ke nan sikeli ya zama dole, kuma namu ya karye, sai aro. Maganin tsutsar ciki ba a ba mai sabon ciki, don haka mace ce za ta zauna a wannan tebur ta yi tambayar a asirce. Hawan jini kuwa za a auna kawai, a rubuta wa mutum lambarsa a kati, a tura shi asibitin da ya fi kusa. Ba wa tsoho maganin wata ɗaya sannan a ɓace masa shekara guda ba taimako ba ne. Tabarau na karatu 60 ne, daga lamba 1 zuwa 3, kuma su ne ke fara ƙarewa kullum.

Takardar sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ta tafi tun makon jiya, haka ta ofishin 'yan sanda. Amma wadda ta fi su nauyi ba takarda ba ce. Mai bishararmu na can ya je da ƙafarsa ya gai da dagaci, ya faɗa masa su wa za su zo, me za su yi da rana, me za su nuna da dare. Ana faɗin duka tun farko. Magani na kowa ne, Kirista da Musulmi da mai bin al'adar kakanni, ba a tambayar kowa addininsa a layi, ba a kuma sa wa kowa sharaɗin sauraron wa'azi. Wanda ya so ya dawo majigi da dare, ya dawo.

Majigin kansa ba ya da wuya in an gwada shi a gida. Farin ƙyalle yadi shida, sanduna biyu, igiya huɗu saboda iskar hunturu, lasifika ɗaya mai batir, janareta ƙarami da fetur lita biyar. Abin da ke kashe na'ura shi ne haɗa ta kafin janareta ya daidaita, sai a bar shi ya yi minti uku yana aiki, a bi ta na'urar daidaita wuta. An kuma kwafe Sabon Alkawari na saurare a ƙananan katunan waya 40, don yawancin manyan can ba su karatu, amma kusan kowane gida akwai ƙaramar waya ko rediyo mai cin kati.

Bayan an ci gwate da rana aka zauna taro, aka shiga maganar da kowa ke kewayewa tun safe: iyalin da muka aika Jamhuriyar Nijar, yankin Maraɗi, shekara huɗu ke nan. Tallafinsu ya yi wata biyu bai tafi ba.

Dattijo ma'aji ya buɗe littafinsa ya yi bayani dalla-dalla. Alkawarin da aka yi musu da naira aka yi shi. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar Amurka ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Sefa kuwa a ɗaure take da yuro, ba ta motsa ba. Adadin da muke aikawa bai ragu a littafinmu ba, amma abin da yake saya a kasuwar Maraɗi ya zube ƙasa da rabi. Ga rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, wanda Najeriya ba ta ɗage ba sai Maris 2024, lokacin da ko buhun masara ba ya wucewa ta Jibiya cikin sauƙi. Ya ƙara da wani ƙaramin abu da ya taɓa rikita lissafi: mutanen Nijar da dala suke ƙirga, kuma dalarsu sefa biyar ce. In rahoto ya ce dala ɗari biyu, jaka ɗaya ake nufi, wato sefa dubu.

Wani matashi ya ɗaga hannu. "Baba, a gafarce ni. Ga ƙauyuka nan bayan Toro ba mu gama da su ba, ga marayu a Tudun Wada. Me ya kai mu wata ƙasa?"

Baba Fasto bai yi masa faɗa ba, tambayar ta halal ce. Ya ce, "Ɗana, da kowa ya jira ya gama da gidansa, da ba ka zaune a nan." Ya tuna mana samari uku masu bishara daga ƙasar waje da suka sauka Legas a 1893, Gowans da Kent da Bingham, biyu suka mutu a 1894 ba su ga ko mutum ɗaya ya tuba ba, sai 1902 aka samu kafa tasha a Patigi. Karl Kumm da abokansa, su ma masu bishara, suka iso Wase a 1904, daga nan ikilisiyar COCIN ta samo tushe. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa ya fito a 1932. Abin da ya fi jaddadawa shi ne 1948, shekarar da masu bi na ƙasar nan suka kafa tasu ƙungiyar aika masu bishara, wadda ake kira EMS yau, shekara shida kafin ikilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Manoma ne suka fara aika 'yan'uwansu, da damin dawa.

Ni dai a ganina amsar ta yi daidai, amma ba ta biya kuɗin wata biyu ba. Kasafin fitar Juma'a, da hayar bas biyu da abincin mutum talatin da biyar da rigunan da aka buga wa suna, ya kusa tallafin iyalin nan na wata huɗu. Fita tana da daɗi, ana waƙa a mota, ana ɗaukar hoto a sa a Facebook. Amma ranar Lahadi da yamma duk za mu dawo Jos, wanda zai zauna ya koyar da ajin baftisma wata shida, ya buɗe ajin yaƙi da jahilci, ya kai mai naƙuda asibiti a kan babur cikin dare, shi ne wanda ba a biya ba. Na faɗi haka, ban san yadda za a ɗauka ba.

Mama shugabar zumuntar mata ce ta raba gardamar. "Ranku ya daɗe, riguna ba su wa'azi. Mu mata mun haƙura da namu." Aka soke rigunan, aka rage masu tafiya zuwa sha takwas, bas ɗaya: nas biyu, mai gwaji ɗaya, masu wa'azi uku da ke jin harshen garin, mata huɗu na aikin yara da girki, sauran matasa na majigi da tsaron layi. Abin da ya rage zai tafi Maraɗi ranar Litinin. Aka kuma rubuta a littafin taro cewa daga Janairu alkawarin iyalin da sefa za a ƙayyade shi, a aika na wata uku gaba ɗaya tun farkon zango, baikon Lahadin farko na kowane wata kuma ba za a taɓa shi don ginin majami'a ba. Kuɗin makarantar yaransu, da ke karatu da Faransanci, zumuntar maza ta ɗauka. Littattafan koyon karatu da za a aika sai an duba, domin a can da ƴ suke rubuta abin da mu ke rubutawa da 'y.

Ƙarfe biyar aka tattara masarar da aka shanya, har yanzu da saura, za ta ƙara kwana biyu. Wajen takwas na dare mai bishararmu ya hau tudun da ake samun sabis ya bugo. An yi rasuwa a gidan dagaci, sadakar bakwai za ta faɗo ranar Juma'a. Majigi ba zai yiwu a daren ba. Za a isa da rana a yi gaisuwa da mudu goma na masara, magani ya koma safiyar Asabar. Bas zai tashi ƙarfe shida daidai don kada dare ya same mu a hanya, kuma har yanzu ba a samo sikelin ba.