Neman ƙwayar gadon mashaya

A kwas ɗin ilimin magungunan ƙwaƙwalwa aka ba mu aikin bin diddigin tambaya ɗaya: shin jarabar giya gadonta ake yi? Bahaushe ya riga ya yanke hukunci, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma masu bincike ba su ƙaryata shi gaba ɗaya ba. A 1973 Donald Goodwin ya bi sawun 'ya'yan mashaya maza a Denmark waɗanda aka raba da iyayensu tun suna jarirai, wasu suka riƙe su. Ya tarar sun fi sauran 'ya'yan riƙo faɗawa jarabar kusan ninki huɗu. Binciken tagwaye ya zo ya ƙarfafa wannan, har aka tsaya a kan cewa kimanin rabin bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa daga gado yake.

Sanin akwai gado abu ne daban, gano inda yake kuma wani abu ne. A nan na fi ƙaruwa.

A 1990 Kenneth Blum da Ernest Noble suka fitar da sakamako a mujallar JAMA ta likitocin Amurka. Sun duba ƙwaƙwalwar mamata 70, rabi mashaya, rabi ba mashaya ba, suka ce wani nau'i na ƙwayar gado mai suna DRD2 yana jikin kashi 69 cikin ɗari na mashayan, amma kashi 20 kacal na sauran. Ita DRD2 ita ke gina makarɓar dofamin, wato wurin da dofamin ke kamawa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Shi dofamin shi ne sinadarin da ke sa mutum ya ji marmarin maimaita abin da ya yi masa daɗi. Labarin ya zauna daram a hankali, jaridu suka ɗauka cewa an gano ƙwayar shaye-shaye. Da wasu suka maimaita gwajin sai sakamako ya riƙa cin karo da juna. Mutum 70 sun yi kaɗan, sannan yawan wannan nau'in ya bambanta sosai daga al'umma zuwa al'umma, don haka idan asalin rukunonin biyu bai zo ɗaya ba, abin da aka auna asali ne, ba giya ba. A 2004 kuma aka gano cewa alamar da suka auna ba ma cikin DRD2 take ba, tana cikin maƙwabciyarta ANKK1. Shekara goma sha huɗu ana gardama a ƙofar gidan da ba shi ba ne.

Sauran makarɓai ma sun sha irin wannan. Babban shirin COGA, wanda aka fara a Amurka a 1989 don bin iyalan da mashaya suka yi yawa a cikinsu, ya nuna GABRA2 a 2004, wadda ke gina wani sashe na makarɓar da giya ke bi ta kwantar da jijiyoyi. Sai OPRM1, mai gina makarɓar da kodin da tiramadol ke kamawa, wadda aka sa ran za ta nuna wanda naltirezon, maganin rage marmarin giya, zai yi wa aiki. Gwajin da aka tsara musamman don tabbatar da haka a 2015 bai tabbatar ba. Ba wai ƙarya ce duka ba. Manyan binciken baya-bayan nan masu mutane dubu ɗaruruwa sun sake hango yankin DRD2, sai dai tasirinsa ɗan mitsitsi ne cikin ɗimbin irinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne hujja mafi ƙarfi a hanta take, ba a ƙwaƙwalwa ba. Hanta na juya giya ta zama wani dafi, asitaldihayid, sannan ta wanke dafin. Wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanen Sin da Japan da Koriya sun gaji ALDH2 mai rauni, wato ƙwayar gadon da ke kula da wanke dafin, don haka hantarsu ba ta iya wankewa da sauri. Kurɓi kaɗan fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugawa, tashin zuciya ya biyo baya. Irin waɗannan ba kasafai suke zama mashaya ba. Maganin disulfiram da ake ba masu son daina sha ma wannan hanyar yake toshewa da gangan.

Na kuma koyi cewa kashi 50 ɗin nan da aka ce daga gado yake ba tambari ba ne a goshin kowa. Lissafi ne na al'ummar da aka auna, inda giya ke kan teburi. Wani binciken tagwaye a Holan a 1999 ya nuna cewa a wurin 'yan matan da suka tashi cikin tarbiyyar addini, gado kusan bai taka rawa ba wajen fara sha. Wanda bai taɓa kurɓa ba, ko me ya gada, gadon ba shi da hanyar bayyana ta giya.

Yanzu idan takardar bincike ta zo hannuna, kafin in karanta abin da ta ce ta gano, sai in duba mutum nawa aka auna, kuma 'yan ina ne. Amsar galibi Turawa ce. Akwai wani nau'in ADH1B, ƙwayar gadon da ke kula da juya giya a hanta, da ke ba da kariya daga jarabar wanda kusan sai a masu asalin Afirka ake samunsa, amma mafi yawan abin da aka sani a kansa daga baƙaƙen fatar Amurka aka samo shi.