Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Rawa a Ƙafa Take Kwana

Makon jiya na tsaya a ranar da Kawu ya hana ni taka ƙofar makarantar rawa. Har yau maganarsa na ci min rai: "Rawa kuma sai an koya? Ai duk mai ƙafa yana yi." Allah ya jiƙanka Kawu, amma ba haka ba ne. A ɓoye na ci gaba da zuwa, kuma sai da na shekara biyu a kan taku ɗaya kafin Gwaggo, malamarmu, ta gyaɗa min kai. Ita ce ke cewa, "'Yata, rawa a ƙafa take kwana. In ƙafar ta shiga kabari ba ta bar wa kowa ba, shi ke nan."

Ban gane zancen ba sai da furfura ta fara fito min, na ji labarin Kambodiya. Tsakanin 1975 da 1979 gwamnatin Pol Pot ta hallaka akasarin masu rawar fadar ƙasar. 'Yan kaɗan da suka tsira su suka tara yara a makaranta, suka koyar da abin da jikinsu ya riƙe, har UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta karrama rawar a 2003. Ranar na zauna na yi ta kuka, ina tuna Gwaggo.



Yanzu ɗalibaina da waya suke zuwa, wai sun iya, sun gani a TikTok. Ba na faɗa da waya, ni ma da ita nake ɗaukar tsofaffin da suka rage. Amma waya ba ta dafa kafaɗarki ta sauke ta, ba ta koya miki jiran makaɗi ya juya kiɗa kafin ki juya. Mu ma masu makaranta muna da laifi: rawar da ake kwana ana yi mun datse ta zuwa minti biyar saboda dandamali, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Ranar da na fara fita gaban jama'a, Kawu ya zo. Can baya ya tsaya, bai zauna ba, bai tafa ba. Duk mai ƙafa yana yi, in ji shi. Har ya rasu bai taɓa ce min ya gan ni ba, sai bayan arba'in Inna ta gaya min ya tambayi sunan takun da na rufe da shi.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.